Kafin katafila ta iso: kaburburanmu marasa alama a Riko

A ƙarshen daminar bara na je Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya, domin ta'aziyyar wani ɗan'uwa. Bayan an shafa fatiha jama'a sun ragu, sai na roƙi kawuna ya raka ni kabarin kakata, wadda ta rasu tun ina ɗan firamare. Muka fita bayan gari, yana gaba da sandarsa ina biye. Da muka isa wani fili da aka girbe gero, sai ya tsaya ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya yi 'yan taku ya dawo. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗan nan," in ji shi, "da akwai aduwa a nan. Daga gindinta taku bakwai ne kudu."

Na ce, "To Kawu, ina aduwar?"

Ya ce an sare ta tun shekarar da itace ya yi tsada, har kututturen an tone. Muka tsaya a tsakiyar karan gero muka yi mata addu'a, ba tare da sanin ko a kanta muke tsaye ba ko a gefenta.

A hanyarmu ta dawowa ne ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wani ƙauye da ba shi da nisa, an zo haƙa harsashin wani gini, sai leburori suka ci karo da ƙasusuwa da fasassun tukwane a jere. Mai kula da aikin, da ya lissafa kwanakin da zai yi asara idan magana ta fita, ya sa aka tattara ƙasusuwan a buhun siminti, aka kai su wani rami da almuru. Ɗaya daga cikin leburorin ne abin ya hana shi barci, ya je ya faɗa wa liman. Kafin dattawa su taru an riga an zuba kankare.

Wannan ƙaramin gini ke nan. Yankin Jibiya kuwa yana tsakiyar aikin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan biyu. Layin ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina, ya ratsa Jibiya kafin ya tsallaka iyaka. Ina cikin masu murna da shi, kuma ba ina ɗora wa masu aikin wani laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan jirgi. Duk inda aka ce ga tasha, filin da jiya gonar gero ce gobe ya zama fuloti, sai rumbunan ajiya, sai gidajen mai, sai ramukan ɗibar ƙasa da marmara, sai hanyoyin da za su haɗa ƙauyuka da titi. Yawancin waɗannan ƙananan 'yan kwangila da masu filaye ne za su yi su, ba mai sa musu ido, kuma duk a kan ƙasar da ta daɗe tana karɓar mutane.

Kabarin Bahaushe Musulmi an yi shi ne don ya ɓace. Ba akwati, ba dutse mai rubutu, ba siminti. A haƙa babban rami, a haƙa ƙarami a cikinsa daidai jikin mamaci, a kwantar da shi da likkafani a kan damansa yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a liƙe da cuɗaɗɗiyar ƙasa, a tara tudu. Alamar ba ta wuce reshe ko ɓarin tukunya ba. Damina biyar ko shida sun isa su shafe tudun, gara ta cinye itacen. Ni ban ga aibu a wannan ba, kuma ba zan so a mayar da maƙabartunmu dajin marmara da sunaye ba. Sai dai tsarin ya dogara ne kacokan a kan abu guda: a kowane gari akwai tsofaffin da suka san inda kowa yake.

Kuma ba kowa ne ke cikin maƙabartar da aka kewaye ba. Akwai malamai da masu sarauta da aka rufe a cikin gidajensu, gidajen kuma suka zama kango. Akwai jarirai da aka rufe a bayan ɗaki. Akwai kufai, wato garuruwan da aka tashi aka bari, waɗanda wannan yanki ke cike da su tun ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa Maraɗi bayan jihadi, ƙasar da ke tsakanin biranen biyu ta zama fagen hare-hare na shekaru masu yawa. Akwai waɗanda yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kayar a kan hanya, da waɗanda sanƙarau na 1996 ya ɗauke, annobar da ta kashe fiye da mutum dubu goma a Najeriya. A tsakiyar Yulin 2018 ambaliya ta ci mutum fiye da arba'in a garin Jibiya cikin dare guda, har a cikin Nijar aka tsinto wasu gawarwakin. Sannan ga abin da bakinmu ke nauyin faɗa: shekarun nan na 'yan bindiga. Mutane nawa aka rufe cikin gaggawa a gefen gona, masu jana'iza suna waige-waige, washegari kuma gari ya watse? Waɗanda suka san wuraren nan yau wasu suna Jibiya, wasu suna Katsina, wasu sun ƙetara Ɗan Isa da Maraɗi. Duk tsohon da ya rasu a gudun hijira, da taswirar garinsu yake tafiya.

A nan ne na'urar da ake kira rada mai leƙen ƙarƙashin ƙasa ta shigo. A ido ba wata abin mamaki ba ce. Akwati ne a kan ƙafafun taya, mutum ɗaya ke tura shi kamar baro, da allon kwamfuta a gabansa. Akwatin yana harba igiyar rediyo cikin ƙasa a gajeren bugu, sau dubbai a daƙiƙa, sannan ya saurari abin da ya dawo. Duk inda igiyar ta bar wani irin abu ta shiga wani, kamar daga ƙasa mai tauri zuwa sako-sako, ko daga yashi zuwa kogon iska, wani sashenta yakan dawo kamar amsa-kuwwa. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake lissafa zurfin. Wanda ya taɓa raka matarsa awon ciki ya ga yadda ake hango jariri ba tare da an yanka ba, ya riga ya fahimci dabarar, illa dai can sauti ake aikawa, nan kuwa igiyar rediyo. Masu neman kaburbura sukan yi amfani da zangon da ke tsakanin megahaz 250 zuwa 500, wanda a ƙasa mai kyau yakan kai zurfin mita biyu zuwa uku. Ana ɗaure igiyoyi a fili, a bi layi bayan layi, tazarar da ba ta wuce santimita 25 zuwa 50 ba, sannan kwamfuta ta haɗa layukan ta fitar da hoton ƙasar kamar ana fere ta daga sama zuwa ƙasa.

Cewa tana aiki, wannan ba a jayayya. A birnin Tampa na jihar Florida a Amurka akwai wata maƙabartar baƙaƙen fata mai suna Zion, wadda aka buɗe a 1901, daga baya ta ɓace daga taswirar gari, har aka gina gidajen gwamnati na talakawa a kanta a farkon shekarun 1950. An yi ta cewa ai an kwashe gawarwakin kafin gini. A 2019, bayan binciken jaridar Tampa Bay Times, aka tura na'urar tsakanin gidajen, sai ga siffar akwatunan gawa fiye da 120 a jere ƙarƙashin tsakar gidajen mutane. Dole aka tashi mazauna gine-ginen da ke kan maƙabartar aka sake musu matsuguni. Da an yi wannan dubawa kafin aza tubali, da ba a kai ga haka ba. Birnin New York ma ya ɗanɗana tsadar rashin sani: a 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnatin tarayya a Manhattan, aka faɗa kan maƙabartar bayi 'yan Afirka ta ƙarni na 17 da na 18. Aka tono mutum 419, jama'a suka yi ca, aka sauya tsarin ginin, ba a mayar da su makwancinsu ba sai a 2003.

To amma ina so ɗalibanmu musamman su riƙe wani abu, domin mu mutane ne masu saurin miƙa wuya ga duk abin da ke da allo da batir. Na'urar ba ta ganin gawa, ba ta ganin ƙashi. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa kusan ɗaya yake da ƙasar a wurinta. Abin da take gani shi ne tabon haƙa: wurin da aka taɓa yanke shimfiɗar ƙasa aka mayar, ko kogon da ya rage, ko wani abu mai tauri da aka binne. Ramin gafiya, saiwar kuka, tsohuwar rijiya, tsohon masai, rijiyar marina da aka cike, gidan gara, duk suna iya fitowa a allo da kama mai ruɗarwa. A watan Mayun 2021 al'ummar 'yan asalin Kanada da ke Kamloops suka sanar cewa binciken rada ya nuna wurare 215 da ake zaton kaburburan yara ne a harabar tsohuwar makarantar kwana. Duniya ta girgiza, kafafen labarai da yawa suka rubuta kamar an ƙirga gawarwaki. Bayan wata biyu masaniyar da ta yi aikin ta rage adadin zuwa 200, ta kuma jaddada cewa tono ne kaɗai ke tabbatarwa. A 2023, a wani wuri mai suna Pine Creek a ƙasar, aka tona wurare 14 da na'urar ta nuna a ƙarƙashin wata majami'a, ba a samu gawa ko ɗaya ba. Wannan bai goge zaluncin da aka yi wa yaran makarantun nan ba, wanda takardun hukuma suka tabbatar. Ya dai nuna iyakar na'ura. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma: a Leicester ta Ingila an bi filin ajiye motoci da rada a 2011 ba ta nuna abin kirki ba, saboda ɓaraguzan tsofaffin gine-gine sun cika ƙasar, amma da aka haƙa a 2012 sai ga ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a wurin.

Yaya za ta yi da irin namu kabarin? Akwai abin da ke wahalar da ita, akwai mai taimakonta. Rashin akwati da ƙusa da ƙarfe yana rage ƙarfin amsar, kaburburanmu kuma ƙuntatattu ne, wanda ya buɗa tazarar layuka zai iya tsallake na yaro bai sani ba. Ƙasar fadama mai laka, irin ta bakin kogin Gada, tana shanye igiyar kafin ta yi nisa, balle da damina. Amma jigawar arewacin Katsina yashi ce, yashi busasshe kuwa shi ne abin da na'urar ta fi so, don haka rani ne lokacin aikin. Jerin tukwanen da ake rufe ƙaramin rami da su ba sa ruɓewa, kuma inda kogon da ke ƙarƙashinsu bai rufta ba yakan ba da amsa mai ƙarfi. Babban taimakon kuwa daga addini ya zo. Tunda kowa alƙibla yake fuskanta, kaburburanmu duk kwanciya ɗaya suke yi, kai wajen kudu ƙafa wajen arewa. Gafiya ba ta san alƙibla ba. Idan allo ya nuna tabo goma masu tsawon mutum, duk sun miƙe gefe guda a sahu, da wuya a ce saiwa ce. Baƙon injiniya da bai san yadda muke rufe mamaci ba zai iya bin layukansa ta tsawon kabari maimakon ya ratsa shi a gicciye, ya tashi da hoto mai rauni. Mai haƙar kabari na unguwa zai gyara masa wannan cikin minti ɗaya.

Na zauna na yi wani ɗan lissafi. Fili mai faɗin mita 100 da tsawon mita 100, wato hekta ɗaya, idan za a bi shi da tazarar santimita 25, layi 400 ke nan, kowanne mita 100: tafiyar kilomita 40 ana tura baro. A ce za a duba zirin mita 50 kacal a tsawon kilomita 284, hekta 1,420 ke nan, tafiyar kilomita 56,800, wadda ta fi kewaye duniya. Ba mai yin wannan, kuma ba a buƙata. Ana fara aikin ne da zama a zaure. A tara mai gari da liman da masu haƙar kabari da tsofaffin mata, waɗanda su suka fi sanin inda aka rufe jarirai, a tambaye su. A duba tsofaffin hotunan jirgin sama da taswirorin safiyo don gano kufai. A bi fili da ƙafa ana lura da ɓarin tukwane da lotsawar ƙasa da itatuwan da manoma ke kewayewa ba sa taɓawa. Sai wuraren da zato ya yi ƙarfi ne za a kai musu na'ura, ta faɗi inda maƙabartar ta fara da inda ta ƙare. Kawuna ya san filin, taku bakwai ɗin ne suka ɓace masa, na'urar kuma taku bakwai ɗin kaɗai ta iya nemowa.

Idan an gano, sai me? Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. A wurinsu kabari wakafi ne a kan mai shi muddin akwai sauran wani abu nasa a ciki, kuma akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Duk da haka ba su rufe ƙofar ɗauke mamaci ba idan lalura ta kama, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. A cikin Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo labarin sahabbai biyu daga shahidan Uhudu waɗanda ruwa ya yaye kabarinsu, aka sake musu wuri shekara 46 bayan yaƙin. Ke nan ba a ce hanya ba za ta wuce ba. Sanin wuri tun ana kan takarda yana ba injiniya damar karkatar da kwalbati ko matsar da gini da 'yan mitoci, wanda shi ne mafi sauƙi. Inda ba makawa sai an ɗauke, a yi da rana, da sanin dangi, da hannun masu sutura, da sabon likkafani, a rubuta inda aka kai su. Turawan Ingila da suka zo gina tashar sabon jirginsu mai gudu a Euston ta Landan, sai da suka kafa rumfa a kan tsohuwar maƙabartar St James daga 2018, masana suka kwashe dubban mamata ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin a sake binne su. Kuɗin yana cikin kasafin aikin tun farko. Wannan haƙƙi kuma bai tsaya ga Musulmi ba. Kushewar Maguzawa da kabarin Kirista baƙo da ya rasu a bakin iyaka duk mutane ne a ciki.

Dokokinmu sun bar giɓi a daidai nan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta yi maganar diyyar amfanin gona da gine-gine da gyaran da aka yi wa fili, mai ƙiyasi kuma abin da idonsa ya gani yake ƙirgawa: mangwaro nawa, ɗaki nawa. Dokar nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi shafa. Reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance yana da ƙa'ida, ta takwas a jerin ƙa'idojinsa, wadda ta tilasta wa mai aiki ya tsaya idan ya ci karo da kayan tarihi har masana su duba, amma mai gina gidan mai a bakin titin Jibiya ba a can ya ci bashi ba. Abin da nake ganin ya fi kusa da hannu shi ne gwamnatin Katsina ta sa sharaɗi a takardar izinin gini da ta kwangila: duk aikin haƙa a filin da ba a taɓa ginawa ba sai da shaidar mai gari da liman cewa an tambaya, inda kuma aka yi shakka a kawo na'ura. Sannan a rubuta ƙarara cewa kwanakin da aiki ya tsaya saboda an ga ƙashi ba za a ci ɗan kwangila tara a kansu ba. Tsoron asara ne ya kai ƙasusuwan can cikin buhun siminti. A cire tsoron, lebura zai yi magana.

Kuɗin na'urar bai kai na katafila guda ba. Abin da ya fi tsada shi ne idon da zai karanta allon, shi kuwa horo ne. Muna da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, tunda matattun yankin nan ba su san da iyaka ba. Ɗalibin kimiyyar ƙasa da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga aiki: ya nemi izini ya auna tsohuwar maƙabartar da aka san iyakarta, ya tattara yadda kabarin itace da na tukwane ke fitowa a yashi da a laka, domin wanda zai je filin da ba a sani ba ya sami abin kwatance. Ƙasar Katsina ta riga ta nuna abin da take ɓoyewa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, Bature Palmer ya tona tuddan kaburburan sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka fito da kayan zinariya da tagulla da hauren giwa da suka sauya fahimtar masana game da cinikin ƙasar Hausa. Waɗannan sarakuna ne, tuddansu sun yi girman da ba a iya mantawa. Kakata tallar fura ta yi.

Da zan bar Riko na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in na ba wani ɗan ƙanena da ke sakandare. Na ce kullum bayan la'asar ya zauna da Kawu, ya rubuta duk wurin da ya tuna an taɓa rufe mutum a wajen maƙabarta, da gonar wa, da itacen da ke kusa, ko yana nan ko an sare. Na nuna masa yadda zai ɗauki lambar wurin da wayar hannu idan hanyar ta yi lafiyar zuwa. Makon jiya ya kira ni ya ce sun kusa rabin littafin, kuma Kawu ya ce a faɗa mini akwai wata tsohuwa 'yar kufan da ke yamma da su, tana zaune wajen 'yarta a Magama, wadda ta fi shi sani, amma ba ta da lafiya, in zan zo in zo kafin sanyi ya shiga.